Kasusuwan da Suka Kwashe Ina Takaba

Malam,

Gaisuwa daga gidanka na Tanut. Na san ba za ka karanta ba, amma takaba ta hana ni fita, bakina kuma ya cika.

Yara lafiya. Geron Ollelewa ya yi kyau bana, ga wanda ya shuka.

Ka tuna tsohon depiten nan, ɗan majalisa, da ka yi shekaru kana bin mitin ɗinsa da rakoda, daga kasuwar Belbeji har Tenhya? Wanda ka rubuta littafi a kan maganarsa, ka nuna wa ɗalibanka na jami'a cewa duk lokacin da ya kira mu garkensa, ya kira kansa makiyayi, yana koya wa kawunanmu bi ne ba tambaya? Wanda ya sa aka hana ka ƙarin girma? Ya zo ta'aziyyarka.

Ina cikin ɗaki, ina jin shi ta taga. Wai garke ya yi rashin babban sa. Kai ne babban san nan, Malam. Maza suka amsa da amin, ɗalibanka na zaune a tabarma, ko tari babu wanda ya yi.

Daga nan ya nemi kasusuwan rakodarka, wai zai gina ɗakin karatu da sunanka ya adana su. Yayanka Alhaji Mamman ya ji daɗin karramawar. Na aika sau biyu a ce wa Alhaji a'a, ya ce mai takaba ba ta da magana a ƙofar gida. Suka loda kwalayen a mota. Wa zai sake jin su?

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Na tsani kasusuwan nan. Ina kawo maka tuwo kana sauraron maƙaryata, ka ɗaga mini hannu in yi shiru. Muryar kowane ɗan siyasa ka adana, tawa ko sau ɗaya ba ka ɗauka ba.

Amma a farkon kowane kaset kana gyara murya, ka faɗi sunan garin da ranar kasuwar. Bayan rasuwarka shi nake sakawa, in ji ka, in kashe kafin depiten ya fara ƙaryarsa. Nan kaɗai muryarka ta rage a duniya, yanzu kuma tana gidansa.

Allah ya jiƙanka. Su kuwa ban yafe ba.

Matarka da ka ce ta yi shiru,
Hadiza