Ni Na Fasa Idon Sabo, Amma Wani Yake Nema

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, don na san zagin yana nan tafe.

Duk wanda ya tashi a Badarawa a zamaninmu ya san gidan gem ɗin kawuna, inda yara ke buga wasa a talabijin. Shago ne guda, talabijin huɗu masu ƙeya, benci biyu, sai wani baƙin labule mai kauri a ƙofa don kada rana ta hana ganin hoto. Dokar wurin ɗaya ce, wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa fad, wato abin latsawa na wasan, ya tashi. Ni da aminina, bari in kira shi Sabo, nan muka ƙare samartakarmu. Akwai kuma wani Iliya, shi ma ba sunansa ba ne, da yake zuwa daga Rafin Guza, ya iya gem ɗin ƙwallo kamar aljani, ga baƙin baki, in ya ci ka sai ya tambaye ka ko a kira babarka ta rarrashe ka. Wallahi na tsane shi a lokacin.

Wata Asabar da la'asar Iliya ya ci mutum bakwai a jere, Sabo ya zauna, ya jefa masa ƙwallo ɗaya, saura kaɗan a tashi sai aka ɗauke wuta. Sabo ya ce shi ya ci, Iliya ya ce sai dai a sake daga farko, aka fara ɗura ashar, benci ya kife. Labulen nan ya sa ko tafin hannunka ba ka gani. Ina riƙe da kwalbar lemo, na ɗaga na kai duka da duk ƙarfina inda nake jin muryar Iliya, na ji ta tarwatse a fuskar mutum. Da aka yaye labule Sabo ne a ƙasa, ya dafe idon hagu, jini na bin yatsunsa har gwiwar hannu. Ni na riga na yar da wuyan kwalbar. Kowa ya ce Iliya ne, aka rufe shi da duka, da ƙyar ya sha, iyayensa suka tura shi kudu a satin. Ni na goyi Sabo zuwa asibiti, ban faɗa wa kowa ni ne ba. Idon bai tashi ba, kawu ya rufe shago, mahaifiyar Sabo kuwa har yau in ta gan ni sai ta sa min albarka.

Shekara goma sha shida ke nan. Bara kawu ya ba ni makullin ya ce in yi abin da na ga dama, ni kuma da shegen son tuna baya na ce gidan gem zai dawo. Na kai tsofaffin talabijin ɗin gyara, na ƙaro sababbi biyu da janareto. Sabo yanzu mai walda ne, shi ya ƙera mana bencuna na ƙarfe kyauta. Muka buɗe guruf a waya na tsofaffin 'yan wasa, sai ga magidanta da tumbi da furfura suna layin fad suna musu kamar jiya aka rabu. Na ji daɗi ƙwarai, har na fara yaudarar kaina cewa abin ya wuce.

Ashe Iliya ya dawo Kaduna, yana sayar da taya, wani ya saka shi a guruf ɗin ban lura ba. Asabar da ta wuce ya yi sallama ya shigo, ya bi kowa da musabaha, ya miƙa wa Sabo hannu. Sabo ya zaro guntun rodi da ya rage a ƙarƙashin benci ya sauke masa a hannun, kowa ya ji ƙarar ƙashi. Na biyu a baki, haƙora biyu suka zube. Mu huɗu muka danne Sabo. Iliya na ƙasa yana tofar da jini yana rantsuwa da Allah ba shi ba ne, yana cewa ko kwalba bai taɓa ba ranar, ni kuma ina riƙe da ƙugun Sabo ina cewa a yi haƙuri, kamar mutumin kirki. Washegari ƙannen Iliya suka zo da gora da adda, suka farfasa talabijin uku, suka sari telan da ke maƙwabtaka da ni a kafaɗa don kawai ya fito rabon faɗa.

Mai unguwa ya sa baki, ya ce ranar Juma'a bayan masallaci kowa ya zo shagon a yi sulhu, za a caje kowa a ƙofa. Jiya da safe Sabo ya same ni ina share gilasai, ya miƙo min wani abu a naɗe cikin tsumma. Wuƙa ce, shi ya ƙera ta da hannunsa. Ya ce in ɓoye masa a cikin shago tunda ni ba za a caje ni ba, ba kashe Iliya zai yi ba, ido ɗaya kawai yake so. Ya ce duk duniya ni kaɗai ya yarda da ni. Na karɓa na jefa a jakata.

Kada wani ya ce min in jefar da ita kawai, Sabo mai walda ne, kafin azahar ya ƙera wata. In na kai shi wurin hukuma na ci amanarsa karo na biyu, kuma ranar da ya fito Iliya zai nema. In na faɗi gaskiya, Sabo da ƙannen Iliya duk kaina za su dawo, ina da mata da 'ya'ya uku, kuma ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji. In na yi shiru mutumin da bai ji ba bai gani ba zai rasa ido saboda ni.

To 'yan uwa ya zan yi? In faɗa wa Sabo mu biyu, ko in bari sai gaban mai unguwa, ko in fara zuwa wurin Iliya? Don Allah ku amsa da wuri. Juma'a jibi ce, kuma wuƙar tana cikin jakata yanzu haka da nake muku rubutun nan.