Shukar da Na Haɗa da Gashin Kaza

Gwaggo Rahamatu, ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da ajamina.

Ni dai alhamdu lillahi, ban da kukan komai a gidan mijina. A unguwar Kilomita Biyar muke, nan birnin Bangi, daf da unguwar Yakite. Maigidana ya yi shekara tara yana kula da lambun wani likita Bafaranshe. Da za su koma ƙasarsu, matar likitan ta bar mana tukwane biyu na wata shuka, anturiyum take ce mata, wai daga Amirka ta Kudu asalinta. Iri biyu ne, kowace tana da ɗan gwangwani mai sunanta, amma damina biyu tsatsa ta cinye rubutun.

Gwaggo, da kin ga ganyen! Faɗinsa ya kai faifai, laushi kamar karan-miski, jijiyoyinsa farare tas. Na ajiye su a inuwar mangwaro bayan madafa, in na gama aiki can nake shan iska. Maƙwabta gwaza suke ce musu, ni dai dariya nake yi.

Ga inda na yi karambani. Na taɓa ganin Madam, matar likitan, tana shafa garin furen wannan a kan na waccan, sai na gwada da gashin kaza. Bayan watanni 'ya'ya suka nuna, na shuka, uku suka tsiro, ɗaya ta rayu. Yau shekararta biyu, ba ta yi kama da uwa ba, ba ta yi kama da uba ba. Maigida ya ce idona ne kawai. Wani Bature mai aikin gona da ya zo sayen tabarma ya leƙa, ya ce wannan ba ta da asali, ba ta da suna. Wannan bai dame ni sosai ba.

Abin da ya tsaya mini a rai maganar surukata ce, Inna Iyatu. Ta ce na sa hannu a halittar Allah, in tumɓuke ta in yi istigfari. Matar nan ita ta riƙe ni tun zuwana Bangi, ban taɓa ƙetare maganarta ba. Sau biyu na kama gindin shukar, hannuna ya ƙi. Mece ce wannan abar da na raina? Kuma na yi laifi?

Taki, Mai Tukwane Uku

'Yata Mai Tukwane Uku,

Kwantar da hankalinki. Inna ba ƙiyayya ta yi miki ba, tsoron Allah ne ya sa ta magana, kuma mai tsoratar da kai Allah masoyinka ne. Sai dai ki tuna mata, cikin ladabi, yadda mutanen Agadas suke hawa dabino su kai garin namiji kan mace. Ba wanda ya taɓa ce musu sun yi saɓo. Ke gari kika ɗauka, wanda ya tsirar da ita daban ne. In zuciyarta ba ta natsu ba, ku je wurin limaminku tare, ta ji da kunnenta. Kada ki yi gardama da ita a tsakar gida.

Batun gane ta kuwa, na tambayi wani tsohon mai lambu. Ya ce kada ki tsaya ga fuskar ganye, tana ruɗi. Ki murza sandar da ke riƙe da ganyen. Wani iri tasa mulmulalliya ce kamar kara, wani kuma mai kusurwa huɗu. In ta ƙaramar ta faɗo tsakani, gefe guda a shafe, gefe guda a zagaye, to haɗin ya kama, idonki ya fi na maigida. Ki duba launin sabon ganye ma. Sunan iyayen kuwa, maigida ya aika wa Madam takarda.

Baturen ya yi gaskiya rabi: ba ta cikin littafinsu. Amma wanda ya raina abu shi ke raɗa masa suna. Ki nisanta ta da yara da awaki, tana ƙaiƙayin baki fiye da ɗanyen gwaza.

Kada ki tumɓuke. Allah ya ƙara muku zaman lafiya, ya sanya albarka a hannunki. Ki gaishe mini da Inna.

Gwaggo Rahamatu