Makeron Da Ke Zaga Gadajen Masu Ciwon Daji

Zuwa ga Shugaban Asibiti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a Maigatari, man shafawa da sabulu nake sayarwa. Maiɗakina na kwance a ɗakin mata masu ciwon daji na asibitinku, mako na biyar ke nan. Tsoro ne ya sa na ɗauki biro.

Na ɗaya. Bayan allurar daji ta biyu, wani jan zobe mai ƙaiƙayi ya fito mata a hammata da ƙasan mama. Likita namiji ne, fayil yake dubawa, ita kuma kunya ta ɗaure mata baki. Ni ta gaya wa. Na ce ai makero ne, na kawo mata robar man haɗi, irin na gyaran fata, daga rumfata.

Na biyu. Kun san matanmu, ba a hana maƙwabciya. Robar ta zaga gado-gado, yatsa bayan yatsa, yadda bokiti da soso da zanin wanka ke zagawa. Kwana uku ƙaiƙayi ya lafa, har ana sa mini albarka. Yanzu ya dawo ya bazu, fata ta tsage tana ruwa. Mata uku ke da shi, har da wata dattijuwa 'yar Gagarawa.

Sai jiya wata nas ta gani. Ta ce man nan kiwon makero yake yi, kuma allura ta riga ta karya musu garkuwar jiki, ɗan tsagi ma ƙofa ne da cuta za ta bi ta shiga jini. Na ce don me ba a faɗa mana ba? Ta ce, "Alhaji, wa ya tambaye mu?"

Nawa laifin na ɗauka. Amma mu a kasuwa ko buhun gero ne sai mun zura hannu ƙasa. Ku mako biyar ba wanda ya duba abin da hijabi ya rufe.

An ce in fatar maiɗakina ba ta haɗe ba, za a ɗage mata allura ta uku. Harshenta ma ya soma fari, kunu da ƙyar yake wucewa.

Ina roƙo a sa mace ta riƙa duba fatarsu da bakinsu. A gaya wa masu jinya da Hausa abin da ba a shafawa da abin da ba a aro. Matan nan uku kuma a duba su yau, ranka ya daɗe. Daji ba zai tsaya jiran makero ya warke ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya tsare iyalinka daga wannan ɗaki.

Wassalam.

Mijin ta gadon jikin taga,
Maigatari.