Carbin Gyaɗar da Kika Rataya wa Wani

Mindelo, tsibirin São Vicente
28 ga Yuni

Zuwa ga Zuleica, tauraruwar da matuƙa jirgi ke dubawa in hanya ta ɓace musu, ruwan sama a tsibirin da ya shekara bai ga hadari ba, ma'abociyar idanun da suka fi tekun Laginha sheƙi da hantsi.

Ni ne Valdemiro Évora Spencer, mai digiri a fannin tarihi da sakamako mafi daraja, malami a makarantar sakandare ta wannan gari, ɗa tilo ga marigayi Nhô Teodoro. Na jero waɗannan ne domin ki tabbata mai wannan magana ba yaro ba ne da kishi ya ɗiba, mutum ne da aka horar da shi a kan tantance hujja kafin yanke hukunci. Manufata ɗaya ce: in tuhume ki a kan ta'asar da kika aikata ranar San Jon, bikin ganguna da rawa da muke yi kowace shekara, in kuma nemi amsarki a rubuce.

Kin tuna safiyar da jirginku ya iso daga Praia? Kin sauko kina tangaɗi, teku ya wahalar da ke, amma wallahi ko a hakan hasken fuskarki ya dusashe fitilun tashar! Na zaga da ke garina kamar mai nuna wa sarauniya ƙasarta. Na kai ki tsoffin rumbunan gawayin Turawan Ingila, inda kakannina suka yi dakon baƙin dutse har ƙirazansu suka lalace. Na nuna miki Monte Cara, dutsen nan mai fuskar mutum a kwance yana kallon sama. A bakin Laginha ina tsakiyar yi miki bayanin zamanin jiragen tururi, sai kika watsa mini ruwa a wando, kika ce, "Dokta, bar tarihi ya sha iska mana, teku na kiranmu!" Na yi dariya, Zuleica. Ni da ban yi dariya ba tun da muka binne mahaifina bara. Ashe zumar da kika lasa mini ke nan kafin maɗaci?

Yanzu ga tuhumar. Mahaifiyata, Nha Bibiana, tana cikin baƙaƙen kayan takaba, da yatsun nan nata da sanyin ƙashi ya kantare, ta zauna ta soya gyaɗa, ta fasa gugguru, ta shirya su ɗaya bayan ɗaya a jan zare, ta yi miki carbin San Jon. Na sani ana sayar da irinsa a kowace kwana ranar biki. Amma a gidanmu uwa ba ta shirya shi sai ga macen da ta amince ta zama surukarta, kuma sau ɗaya take yi. Da hannunta ta rataya miki, ta ce, "'Yar nan, ki dawo mini da shi a wuyanki, ni zan fara gutsura." A kan hanya na fassara miki ma'anar wannan magana filla-filla. Ba za ki fake da baƙunta ba. Kin ji, kin gane, har kika sunkuyar da kai kina murmushi!

Muka isa filin bikin a Ribeira de Julião, ganguna na tashi, usur na tsaga kunne, maza da mata na taka rawar da muke kira kola, suna ja da baya suna dawowa su haɗa cibiya da cibiya. Kin ga baƙin ƙyallen da ke ɗaure a damtsena. Kin san ɗan da ya rasa uba ba ya ɗaga ƙafa a filin rawa sai shekara ta cika. Sai ga Firmino, wannan ma'aikacin jirgin da ya dawo hutu daga Rotterdam da sarƙar zinariya da bakin da ba shi da linzami, yana sanye da ɗan jirgin katako na biki a ƙugunsa. Ya tsaya gabanmu ya ce, "Kai Dokta, baƙuwarka za ta bushe a tsaye kamar kifin shanya! Ara mana ita, ba cinyewa za mu yi ba."

Ban hana ki ba. Ki rubuta wannan a zuciyarki: ban hana ki ba! Kola gadonmu ce, babi guda na sadaukar mata a kundin digirina, kuma ba zan zama mutumin da zai ɗaure ƙafar tsuntsuwa don nasa fiffiken ya karye ba. Na tsaya a rana ina kallon cibiyarki tana haɗuwa da tasa, na haɗiye abin da na haɗiye. Amma carbin fa? Wane shaiɗani ne ya raɗa miki ki cire shi daga wuyanki, ki rataya a kan sandar jirgin Firmino, jama'a na shewa? Da na yi magana kuma me kika ce? "Haba Valdo, gyaɗa ce fa! Sai in sayo wa Mama wani a bakin hanya." Gyaɗa ce! Yatsun tsohuwa mai takaba gyaɗa ce? Amincewar gida guda gyaɗa ce, da za a maye gurbinta da ta 'yan talla?

Kika yi fushi, kika wuce masaukinki, washegari kika hau jirgi ba sallama. Ba ki ga abin da ya biyo baya ba, don haka wajibi ne in sanar da ke. A safiyar da kika tafi, mahaifiyata tana zaune a ƙofar gida, ta ɗumama miki kacupa, faten masara da waken nan namu, da ƙwai tana jiran ki karya, sai ga Firmino ya biyo layinmu da carbin a wuyansa, yana tsinka yana taunawa. Ya ɗaga mata hannu: "Nha Bibiana, sannu da aiki, gishirin nan ya ji daidai!" Ta gane jan zarenta. Ta shiga ciki, ta miƙo mini kwanon, ta ce, "Kai wa maƙwabta. Kuma ɗana, sunan yarinyar nan ya tsaya a bakin ƙofa." Da ta zage ki, da ya fi mini sauƙi.

To me ya sa nake rubuto miki? Domin zuciya ba ta san mantiƙi ba! Ina fushi da ke kamar yadda iskar wannan tsibiri ke fushi da rufin gidaje, kuma ina begenki kamar yadda busassun duwatsunsa ke begen yayyafi. Kowane jirgi ya yi kuka a tashar, sai in ɗaga kai daga allo a gaban ɗalibaina. Ya kurciyata, ya azabata, wane irin laifi na yi da aka jarabce ni da son wadda ta kunyata uwata?

Ga abin da nake buƙata. Ranar ashirin da biyu ga Yuli za a yi addu'ar cikar shekarar mahaifina a coci, a ranar zan kwance baƙin ƙyallen nan. Na riga na sayi gyaɗa da masara da jan zare. Ki zo. Ki zauna a ƙasa gaban Nha Bibiana, ki shirya carbin da yatsunki, ki rataya mata, ki jira ta gutsura. Ban yi miki alkawarin za ta gutsura ba. Alkawarina shi ne zan zauna kusa da ke komai daɗewar shirunta, kuma rawar farko da ƙafata za ta taka bayan makoki taki ce.

Ina jiran amsarki a takarda, da rubutun hannunki, ba saƙon waya ba, kafin ranar sha biyu ga Yuli. In ba ta iso ba, zan kwance ƙyallen kamar yadda al'ada ta tanada, amma garin nan zai shekara yana kaɗa ganga bai ga ƙafata a fili ba, domin ba ni da wata abokiyar rawa bayanki.

Naki, cikin fushin da bai rage komai daga amanarsa ba, yau da gobe da ranar da za a kwantar da ni kusa da mahaifina,

Valdemiro Évora Spencer