Amsar "Da Sauƙi" Ba Gwajin Suga Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Asibitin Garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ranar Talatar da ta wuce aka kwantar da ƙanwar mahaifina, Goggo Dije ta Kurugu, a wani babban asibiti a Kano, da gyambo a tafin ƙafarta ta hagu, sugan jininta kuma ya hau sosai. Ta daɗe tana karɓar maganin ciwon suga a asibitinka, ba ta taɓa tsallake ranarta ba. Na duba katinta. Tun farkon damina ba a rubuta sakamakon gwaji ko ɗaya ba. Abin da ke ciki shi ne mara lafiya ta ce ta samu sauƙi, a ci gaba da magani.

Ranka ya daɗe, ga abin da na gano:

1. Na'urar gwajin tana nan, amma 'yan tsinkayen da ake ɗiga jini a kai sun ƙare. Don haka malamin asibiti ya koma tambaya da baki. Ban ga laifinsa ba. Na same shi shi kaɗai, ga layi har gindin darbejiya, mutanen Kwanyawa da na Rogo Ruma duk shi suke jira, bai ko karya ba.

2. Tambayar da yake yi ita ce yaya jiki. A ƙasarmu wannan gaisuwa ce, amsarta kuma ɗaya ce: da sauƙi, alhamdu lillahi. Goggo a rugar Fulani ta tashi. Ba za ta buɗe baki ta gaya wa sa'an ɗanta tana yawan fitsari ba, balle ta miƙa masa ƙafa. Takan cire takalmi a bakin ƙofa don girmamawa, ta zauna ta lulluɓe ƙafafunta da zani. Ƙaya ta soke ta lokacin cirar gyaɗa, ba ta ji ba, domin ciwon ya kashe mata jin ƙafa. Da wurin ya ruruce, sai ta riƙa shafa man shanu tana ɗaurewa da tsumma. Sau uku ta zo gabanku da wannan ƙafa.

3. Ni ma ina da nawa kason. Duk Juma'a nake kiran ta a waya, in karɓi "da sauƙi" in kashe, hankalina kwance.

Roƙona ba shi da yawa. A nemo kayan gwajin, in kuma sun yanke a gaya wa marasa lafiya a fili, don mai hali ya je wani wurin. A sa ma'aikaciya mace ta riƙa ganin dattijai mata a keɓe, ta duba ƙafar kowane mai suga da idonta. A kuma riƙa tambaya ɗaya bayan ɗaya: ƙishirwa, fitsari, dushewar gani, rama, rauni. Iyayenmu ba sa ƙarya. In aka tambaye su abu kai tsaye za su faɗa, amma ba za su fara ba.

Ko a kan gadon asibiti, Goggo ba ta zargi kowa ba. Cewa ta yi in gaishe mata da yaron nan mai ba ta magani, yana da haƙuri.

Allah ya taya ka riƙo, ya saka wa ma'aikatanka da alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

An ɗauki hoton ƙashin ƙafar jiya. Likita ya ce sai sakamako ya fito za a san ko yatsu biyu za a cire, ko a yanke ƙafar har idon sawu. Zuwa rubuta wannan wasiƙa bai fito ba.

Wassalam,
Habibu, daga Karaye