Kwamfutar Baba ta kama intanet

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman can? Ya ƙarin haƙurinmu na rashin Baba?

Ka ce in turo maka karatuttukan da ya ɗauka a kwamfutarsa. Bayan sadakar uku na sa mata sabon tsarin aiki, sai ta daina ganin intanet gaba ɗaya. Na je Bici na kwafo direban netwok, wato manhajar da ke haɗa ta da intanet, a filashi, na sa mata. Ta haɗu da wayata, amma ko shafi ɗaya bai buɗe ba. Kwana biyu ina zaure ina gwadawa, masu ta'aziyya na shigowa, ina cewa amin. Ashe lambobin DNS ne, masu nemo adireshin shafi. Na canza su da hannu.

Tana buɗewa, saƙonka na ranar Laraba ya shigo akwatin imel ɗinsa: "Baba, ya jiki?" Na karanta sau biyu. Ban ji komai ba, Yaya. Na tashi na ba awaki dusa.

Karatun na tafe. Inna na gaishe ka, ka gaida yara. Ka yi wa Baba addu'a. Ni kuma ka roƙa min Allah ya sa in iya kuka.

Ƙaninka,
Habibu