Ƙugiyar da ta buɗe a hanyar Sae Sabuwa

Zuwa ga Alhajin da ya samu kwangilar kawo mana maratayan bindiga,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan kana lafiya, kai da iyali da harkoki. Ban kama sunanka ba, domin ba tozarta ka na fito yi ba. Ka san kanka, mu ma mun san ka.

Ni ma'aikacin gandun daji ne. Ina rubuta maka daga zauren wana a Gidan Sori, ina kwance bisa tabarma, ƙafar dama a ɗaure da karare. Mai ɗori ya hana ni motsi. Ni da ban iya zama wuri ɗaya ba tun ina yaro, yau sai dai in juya nan in juya can, in ji ƙarar moto, wato babur, a waje, in ɗauka daga buro, ofishinmu, aka aiko. Wallahi zaman nan ya fi karayar ciwo.

Na ɗaya, kayanka. Ranar da aka raba mana su mun yi murna, ba zan ɓoye ba. Baƙaƙe ne masu sheƙi, da ɗan ƙarfen da za ka ja maratayin ya matse ko ya saki, da ƙugiya a kowane gefe. Amma ranka ya daɗe, damina ɗaya ba su ci ba. Gumi ya cinye fentin, tsatsa ta fito, ɗan harshen da ke rufe ƙugiyar ya daina komawa wurinsa. Ƙarfen matsewar kuwa, ka ɗaure bindiga a kafaɗa da safe, kafin azahar tana dukan cinyarka. Irin ƙarfen nan ko akuya ba zan amince in ɗaure da shi ba.

Na biyu, abin da ya same ni. Bayan girbi aka kawo mana labarin ana sare gawo a gonakin wajen Sae Sabuwa. Muka hau moto ni da abokin aikina Laminu, shi yana tuƙi, ina baya. Kai mai shiga mota mai sanyi wataƙila ba ka san hanyar ba. Rairayi ne zalla, na baya dole ya riƙe da hannu biyu, maratayi kaɗai ke riƙe da bindiga. Muna cikin tafiya ƙugiyar sama ta buɗe. Bindigar ta sulalo, bakinta ya shige cikin wayoyin tayar baya, sai ga mu a ƙasa, moto bisa ƙafata. Allah ya tsare bindigar ba ta tashi ba, amma bakinta ya lanƙwashe.

Na uku, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Yanzu an kafa kwamiti a kaina, ana tuhumata da sakaci da makamin gwamnati, kuma kowa ya san ƙarshen irin wannan tuhuma kora ce. Da aka tuntuɓi yaronka mai kula da kayan, sai ya ce duk yawan maratayan da kuka kawo ba wanda ya taɓa kai ƙara, don haka laifin daga gare ni yake.

Haba, Alhaji! Bari in faɗa maka abin da ya sa ba ka ji ƙara ba. Tun makon da tsatsa ta fara, 'yan uwana suka je wurin mai faci suka yanko robar tsohuwar tayar moto, kowa ya nannaɗe ƙugiyarsa ya ƙulle tamau. Haka muke a nan, abu in ya lalace ba ma kai ƙara, roba muke nema. Amma doka ta hana a taɓa kayan aiki, saboda haka duk ranar da manya za su zo duba mu, sai kowa ya kwance robarsa ya tura a aljihu, ya goge ƙugiya da mai, ya tsaya ƙyam. Manya su duba su ga komai lafiya, su tafi. Ƙurar motarsu ba ta gama kwanciya ba an mayar da roba.

Ni kaɗai na ƙi ɗaurawa. Na ce doka doka ce, kuma mai kwangila ba zai kawo wa gwamnati abin banza ba. Laminu har tsokanata yake, wai ni ne ɗan lelen doka. To ga ɗan lelen doka nan a kwance, masu roba suna kan aikinsu lafiya lau. Kuma ba wanda zai iya tsayawa ya ba da shaida a kaina, domin duk wanda ya ce ƙugiyar ba ta da kyau, za a tambaye shi da me yake riƙe tasa bindigar. Ban ga laifinsu ba, kowa da bakunan da yake ciyarwa. Na san faɗin nan da na yi zai sa wasu su daina gaishe ni. Su yi haƙuri, wuya ce ta kai ni bango.

Ga roƙona. Ka janye maratayan nan ka kawo masu ƙarfen kirki, kafin wata bindiga ta faɗi ta tashi a bayan wani. Ka zo da kanka ranar da ba a sanar ba, ka dubi kafaɗun mutane. Sannan, don girman Allah, ka zo gaban kwamitin nan. Maratayina yana hannunsu. Ba na neman ka rantse ko ka ba ni komai, ka ɗauke shi kawai a gabansu ka ja ƙugiyar da yatsa biyu.

Idan ba ka zo ba, za su rubuta sakaci su sallame ni, in koma gona da ƙafar da mai ɗori bai yi mini alkawarin za ta sake wuni a kan kunyar noma ba. Yarana suna lakol, makarantar boko, sun iya karatu, da kansu za su karanta abin da aka ce ubansu ya yi.

Allah ya ƙara maka buɗi na halal, ya tsare ka da iyalinka, ya sa kar ka taɓa kwanciya kana jiran wani ya faɗi gaskiya a kanka.

Wassalam.

Naka,
Sa'idu, daga Gidan Sori